Uku Cikin Biyar

Keziah tana ajiye kwanon shinkafa a gaban Mista Lyford lokacin da ya daki teburi, har cokula suka yi tsalle.

"Uku cikin biyar! To wane ɓangaren jikinsu za ku yar, hannun ko ƙafar?"

Tun da jaridun Filadelfiya suka buga sabon tsarin mulkin ƙasar, masaukin baƙin da take aiki ya zama dandalin gardama. An ce kowace jiha za ta samu kujeru a majalisa gwargwadon yawan mutanenta, amma in an zo kan bayi, biyar a ɗauke su uku. Mista Thayer, ɗan kasuwa daga Boston, yana ganin ko ukun ma an yi almubazzaranci.

"In dai dukiya ake ƙirgawa, yallaɓai, a sa min dawakaina a ciki," in ji shi, yana sakace haƙori. "Su ma suna da kai."

"Doki yana addu'a? Doki yana kuka in an sayar da ɗansa?" Lyford ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja. "Mutane ne cikakku, kuma cikakku za a ƙirga su. Ita kanta takardar kunya ta hana ta cewa bayi. Mutane ta ce!"

Keziah ta koma madafa. Tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin farin mutum ya ɗaga murya saboda irinta ba.

Babu wanda ya san baiwa ce, daga wata gonar taba a jihar Maryland ta gudo. Uwar ɗakinta mai masaukin ta ɗauka 'yantacciya ce tun haihuwa, ita kuwa kullum hannun rigarta a sauke yake saboda tabon ƙuna a wuyan hannunta. A makon nan aka ga wasu mutum biyu a kasuwa suna tambayar wata mace mai irin wannan tabo. Ga kuma sabon tsarin da ake ta yi wa kirari, a cikinsa akwai layin da ya ce wanda ya tsere daga hidimar ubangidansa a miƙa shi. In suka same ta, ta san bulalar da ke jiranta, ta kuma san ba za ta sake ganin ƙofar fita ba.

Sai ta fara lura da Lyford. Harshensa irin na waɗanda suka yi karatu a Ingila ne, ba ka gane garinsu. Kullum shinkafa yake ci, har ya shiga madafa ya nuna wa kuku yadda ake turara ta. Ranar da ya ga Keziah ta ɗauko itace rungume guda, ya tsaya yana kallonta da sha'awa. Ya tambayi shekarunta, ya tambaya ko tana yawan zazzaɓi. Ita dai ba ta saba a damu da lafiyarta ba, abin ya shiga ranta.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da rana tsaka, baƙi sun watse, ta same shi a zaure ta naɗe hannun rigarta, ta gaya masa komai.

Ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Waye ya sani bayan ni?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To kada ki gaya wa kowa, 'yata. Jirgin ruwana zai tashi gobe da hantsi. Ba zan bari hannun waɗannan mutane ya taɓa ki ba."

Ya cika alkawari. Washegari ta shiga jirgin da ɗan ƙunshin kayanta, ba wanda ya tare ta. Da aka saki igiya, gari ya fara ja da baya, ta zauna jikin wata ganga ta yi kuka mai isarta, kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Wani tsoho baƙar fata, mai dafa wa ma'aikatan jirgin abinci, ya miƙo mata ruwa. Ta sha, ta share fuska, ta ba shi labarin bawan Allahn da ya tsaya gaban manya ya ce su mutane ne cikakku.

Tsohon ya dube ta. Sannan ya waiga ya tabbata babu mai jin su.

"Ai dole ya so a ƙirga mu cikakku, ƙanwata," in ji shi. "Kowane kan bawa a gonar shinkafarsa ta jihar Karolina, inda jirgin nan ya dosa, ƙarin kujera ne gare su a majalisa, ga shi kin kawo masa naki kyauta."