Gajeren Shokozoba

Notin ƙasan shokozoba ne ya ƙi kuncewa. Ishaku ya ɗiga masa baƙin mai, ya jira, ya sake ɗora sifana ya danna har haƙoransa suka yi ƙara. Ko gezau. Tun sassafe yake kwance a gefen babur ɗin nan a rumfar gidansa da ke Narayi, ga shi har zafin kwano ya fara sauko masa a ƙeya.

Ba fa irin babur ɗin 'yan acaɓa ba ne. Ƙato ne na doguwar tafiya, mai akwati a kowane gefe, wanda ya sha kai shi Jos da Obudu, shi da matarsa Rhoda. Amma tun abin da ya same shi bara, babur bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Shokozoban baya ya tsiyaye mai, ya zauna daɓas.

Wansa Samson ne ya tayar da maganar a taron dangi bayan Ista. Wai a sayar da abin nan a huta, ajiye shi ba ya ƙara wa Ishaku komai sai baƙin ciki. Ishaku ya ƙi. Aka yi ta ja, har Samson ya yi dariya ya ce to shi ke nan, idan Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo babur ya fita ƙofa da Ishaku a kai, shi Samson ya bar maganar har abada. In kuwa bai fita ba, a-kori-kura zai zo ya ɗauka. Ishaku ya ce ya yarda, a gaban kowa.

Yau ce Asabar ɗin. Samson ya ce da azahar yana tafe.

Ya zura ƙarfen famfo a bakin sifana don ya ƙara mata tsawo, ya tokare ƙafa da bango, ya ja. Noti ya yi ƙara ya saki. Ya sauke ajiyar zuciya, ya jera notin a faranti kusa da 'yan'uwansa, kowanne a gurbinsa. Ranar da Rhoda ta taɓa gusar masa da farantin nan don ta yi shara, sai da suka kwana ba sa magana.

Ya zaro tsohon shokozoba, ya jawo sabon daga kwali, ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. Gajere ne, ya gaza tsohon da kusan faɗin yatsu uku. Sunday mai sayar da kayan babur a Sabon Tasha sai da ya yi ta nanata tambaya kafin ya yi odarsa daga Legas, wai dogon mutum kamar Oga me zai yi da gajere? Ishaku ya ce ya kawo abin da aka ce masa kawai.

NEPA suka ɗauke wuta, fankar rumfa ta tsaya. Bai ko ɗaga kai ba. Ya kira Rhoda ta ɗaga masa tayar baya kaɗan don rami ya dace da rami. Ta ɗaga, amma tayar na ta lilo. Ita ma tun safe ba ta sa komai a baki ba, sai shiga ɗaki take tana fita, tana rera waƙar zumuntar mata ƙasa-ƙasa.

"Maman Hope, tsaya cik mana."

"Na tsaya, Baban Hope. Zuciyata ce ta ƙi tsayawa."

Ƙusa ta shige. Ya ɗaure sama, ya ɗaure ƙasa, ya koma kan sifirin ɗin shokozoban. Nan hannunsa ya yi masa halin tsiya, ya murɗa ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Har ya fara goge hannu sai ya tuna. Ya ja tsaki, ya zagi kansa, ya ƙara matse shi sosai, don nauyin baya na yau ba irin na da ba ne. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Da a haka suka fita, ramin farko a hanyar Unguwar Boro ya isa ya watsar da su.

Yana cikin saukar da babur daga jak ya ji a-kori-kura ta tsaya a waje, ya ji muryar Samson da ta wani baƙo, mai sayen ke nan. Samson ya shigo, ya zagaya babur, ya fashe da dariya. Ya ce ai ga irinta nan, an sayar wa Ishaku da gajeren shokozoba bai sani ba, babur ya durƙusa kamar akuya mai shan ruwa. Ya ce wa baƙon ya juyo da mota.

Ishaku ya murɗa makulli, ya danna. Inji ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama da rurin da ya sa karen maƙwabta haushi. Dariyar Samson ta ɗauke. Ya ruga ya tare ƙofa.

"Ishaku, don Allah kashe! Wasa nake yi a taron nan. Kashe kanka za ka yi?"

"Yaya, cewa ka yi ya fita da ni a kai. Buɗe ƙofa."

Takun takalmi mai nauyi ya fito daga ɗaki, maɓallin hular kwano ya yi ƙas. Rhoda, 'yar gajeruwar matar nan da ta yi watanni tana faɗuwa tana tashi da babur ɗin aro a filin coci, ta ɗaga ƙafa ta haye gaba, ta kama kan babur. Ishaku ya kasa kunne, ya ji tafin ƙafafunta biyu sun dira a siminti daram. Sai ya yi murmushi, ya naɗe farar sandarsa ta makafi, ya lalubo kafaɗarta, ya hau baya.