Yaren Mahaifiyarta

'Yan ƙungiyar wasan cike kalmomi sun watse, ɗakin karatun ya rage daga wani tafinta sai malamar asibitin da suke haɗa teburi duk Asabar. Harsuna biyar yake ji, amma wata bakwai ya yi yana koyon yaren mahaifiyarta a ɓoye.

Ya ajiye fensir, ya roƙe ta cikin wannan yaren da ta aure shi.

Ta ɗago kai daga takardarta.

"Ka faɗa daidai, Malam. Tun rasuwar Umma ban ji shi a bakin kowa ba." Ta share ido. "Amma na riga na amsa wa wani."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Yana nan zaune har tsohuwa mai shara ta ce ya ɗaga ƙafa.