Magajiyar Shiri da Waƙar Daɓe

To, Malam Ɗayyabu, tunda ka ce ku yi watsi da masu kawo ɗari bibbiyu a ƙungiyarku ku riƙe alhaji ɗaya, gyara zama in ba ka misali.

Akwai wani mai gyaran rediyo, mutum ne mai son hirar tsofaffi kamar me. Ya buɗe shirin murya a intanet, irin wanda yaran yanzu ke kira fodkas, yana bin tsofaffin masaƙa da majema da maƙera yana naɗar abin da ke bakinsu kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ba gwamnati, ba kamfani, masu sauraro ne ke riƙe da shirin. Wannan ta turo ɗari biyu, wancan ya turo katin waya. Shi kuwa don raha sai ya riƙa naɗa su sarauta a ƙarshen shirin kowace Juma'a. Wani direban bas ya zama Sarkin Yaƙin Shiri, wani kafinta ya zama Garkuwa. Wata mai tuyar ƙosai, wadda mako bai taɓa wucewa ba ta aiko da nata ba, ta zama Magajiya. Shi a wurinsa wasa ne. Su fa? Tabɗi! Direban nan har a bayan motarsa ya sa aka rubuta masa.

Ana nan sai aka aiko masa daga wani ƙauye cewa akwai wata tsohuwa, ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin daɓe daga farko har ƙarshe, waɗanda mata ke yi suna bugun ƙasan ɗaki da madaɓi tun kafin siminti ya zo. Jiki ya ƙi, in zai zo ya zo yanzu. Ga na'urarsa ta tsufa, sai an mare ta take kamawa. Kwatsam sai ga wani attajiri, ya ce zai saya masa sabuwa fil ya ba shi mota, amma da sharaɗi: a naɗa shi Uban Shiri, a daina kiran sauran, don shi ba zai jeru da mai ƙosai ba. Gogan naka ya ga banza ta faɗi. Juma'ar nan sunan mutum ɗaya tak aka ji. Magajiya ta buga masa waya ta ce, "Malam, laifin me na yi aka tuɓe ni?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, ai sarautar wasa ce." Ta ce, "A wurinka," ta kashe wayarta.

Ya isa ƙauye a motar attajiri, ya kafa na'ura tana ƙyalli a gaban tabarmar tsohuwa. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta ce, "Ɗan nan, ina matan? Ina madaɓan? Wa ya gaya maka waƙar daɓe tana fitowa a zaune? Sai ƙasa na amsawa, mata na amshi." Ya ba 'yan matan ƙauyen kuɗi su gwada. Ina! Ko amshi ɗaya ba su sani ba, sai ƙyalƙyala dariya suke. Tsohuwa ta juya fuska bango. Wallahi ranar ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Ya koma gida ya buɗe shiri, bai ɓoye komai ba, ya ce ya yi wauta, a yafe masa, ga tsohuwa can kwana na ƙure mata.

Kai, ka ga abin mamaki! Magajiya ba ta ko tsaya amsa ban-haƙurin ba. Ta sauke kasko, ta bi gida-gida tana tattaro duk dattijuwar da ta taɓa ganin uwarta da madaɓi a hannu. Garkuwa ya ture aikin ƙofar mutane gefe ya sassaƙa madaɓai talatin. Sarkin Yaƙi ya ce yaƙi ya zo, motarsa ba ta lodin kowa yau sai na rundunarsa. Kwana uku tsakani bas ta shiga ƙauyen nan maƙil da tsofaffin mata, ana guɗa tun daga bakin rafi. Aka zuba jar ƙasa a wani sabon ɗaki, aka yayyafa ruwa, aka durƙusa sahu-sahu. Tim! Tim! Tim! Ƙasa ta ɗauka. Tsohuwar da aka ce ko kunu sai an ɗaga kanta, sai ga ta ta ce a jingina ta da bango. Ta saurara, ta tsawata wa wata da ke saurin hannu, sannan ta buɗe baki. Muryar siririya ce, amma da amshi ya tashi daga bakin mata talatin, har maza a waje suka matso bakin ƙofa. Waƙa goma sha ɗaya ta zubo kafin la'asar, mai shiri na riƙe da na'ura hawaye na zuba, Magajiya kuwa gumi sharkaf, tana bugu tana dariya.

Ba a yi sati biyu ba Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa. Da an yi jinkiri kaɗan, da ta tafi da kayanta kaf. Yau kuwa jikokinta na kunna muryarta a waya, har ƙananansu sun iya amshi. Shi ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.