Ba a Tambaye Ni Ba

"Ke, ɗauke ni hoto a nan," in ji manaja, ya miƙo mini wayarsa.

Tun safe mu ma'aikatan ofis muke hawan dutsen, cikin kurmi mai ɗigar ruwa, birai na leƙenmu daga rassa. Jagoran gandun dajin ya yi gaba da sauran. Tun a ƙofa ya gargaɗe mu kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa saboda kwarkwasa, tururuwar nan mai zafin cizo. Manaja ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne.

Ya tsaya gaban magangarar ruwa, ya gyara hula, ya turo ciki. Na dubi takalminsa. Baƙin layin kwarkwasa ya ratsa hanya, kuma a tsakiyarsa ya dasa ƙafa.

Har na buɗe baki, sai na tuna ranar taro da ya daka mini tsawa gaban baƙi: "Sakatariya ba ta magana sai an tambaye ta!" A banɗaki na ƙarasa kukana.

"Ya yi kyau?" ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, hasken bai daidaita ba. Kar ka motsa."

Na mayar da wayar kan bidiyo, na jira kwarkwasar su wuce gwiwarsa.