Harafin da Malamin Gona Ya Zauna Jira

Kin ce tun da kika shiga wasan haɗa haruffa ba ki da aiki sai farautar dogayen kalmomin Turanci a ƙamus, gajerun kuwa kin bar wa yara. To, gyara zama ki ji misalin wasu taubasai biyu.

Shi malamin gona ne, ita malamar asibiti, kuma dukansu gwanaye ne a ƙungiyar wasan garinsu. Aka aiko cewa za a yi gasa a babban birnin jiha, kowace ƙungiya mutum ɗaya tak za ta tura. Aka yi ta karawa har aka zo kan su biyun. Ranar raba gardama, bayan la'asar, ɗakin karatu ya cika maƙil, waɗanda suka rasa kujera suka maƙale a taga. Tun kafin a zauna ya ce mata ta shirya ɗaukar masa kaya zuwa tasha, tunda aikin baiwa ke nan. Ita kuma ta ce bawan gidansu ya fara mafarki da rana.

Aka shimfiɗa allon, aka girgiza jakar haruffa, kowa ya zura hannu ya ɗebi bakwai. Wasa ya ɗauki zafi, yanzu shi ne a gaba, an jima ita. Can tsakiyar wasan malamin gona ya ɗebo sababbin haruffa, ya jera su a gabansa, sai murna ta kama shi. Akwai wata kalma da ya tsinta a ƙamus kwanakin baya, mai nufin iskoki masu laushi, irin waɗanda kan kaɗa ganyen dawa a hankali. Ta shiga ransa ƙwarai, har ya ishi abokansa da zancenta. Haruffanta bakwai ne cif, ga masu maki da yawa a ciki, kuma kin san wanda ya zube bakwai ɗinsa a tashi ɗaya akan ƙara masa maki mai yawa. Ga shida a hannunsa. Saura ɗaya.

Waɗanda ke tsaye a bayansa suka gani, suka fara zungurar juna. Daga nan ya daina wasa, ya koma jira. Duk sa'ad da layi ya zo kansa, sai ya ajiye harafi ɗayan da ba ya so, ya karɓi ɗan makin da ya samu, ya zura hannu a jaka yana addu'a. Ba rashin sani ba ne. Yana ganin gajerun kalmomi a cikin shidan nan, har da wadda za ta hau gidan da ke ninka maki, amma ajiye ta zai wargaza masa jerin, shi kuwa ba zai iya ba.

Ita ko a jikinta. Ta ajiye kalma mai nufin gatari, ta ajiye mai nufin ƙudan zuma, ta ajiye mai nufin tsamiyar biri ko wani abu makamancinta, duk 'yan ƙanana, amma tana manna su a jikin waɗanda ke kan allo yadda harafi ɗaya zai ci ta tsaye ya ci ta kwance. Kowacce ta ajiye sai ta faɗa masa ma'anarta da Hausa, wai don bawa ya ƙaru. Makinta na hawa kamar ruwa a randa, shi yana murmushi, don ya lissafa cewa kalmarsa ɗaya za ta shafe ratar duka.

Sai ga harafin ya fito. Bai san sa'ad da ya miƙe tsaye ba, hularsa ta faɗi, na bayansa suka ɗauki sowa, na taga suna tambaya me ya faru. Ya kafa ido a kan layi ɗaya da ya rage a allon mai filin da zai ɗauki haruffa bakwai. Amma ya manta abu guda: ya riga ya yi nasa, yanzu layinta ne. Ta dubi fuskarsa, ta bi inda idonsa ya tsaya, ta ɗauki haruffa biyu ta dasa a tsakiyar filin.

“Wannan kalmar sa take nufi, mijin saniya,” in ji ta. “Na ɗaure shi a gonarka, malam. Iska sai ta nemi wata hanyar.”

Ɗakin ya kaure da dariya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya allon ta kowane ɓangare, babu inda kalmar za ta shiga. Jaka kuma ta zo ƙarshe. Kafin ya yanke shawarar wargaza jerin, ta zube sauran nata ta rufe wasa, aka zare makin haruffan da suka kwana a hannunsa daga abin da ya tara. Ya juyo da su ga jama'a don su gani, kowa ya ce lallai kalma ce kyakkyawa. Alƙalin wasa ma ya yaba, sannan ya kira sunan malamar asibiti a matsayin wadda za ta tafi birni.

Saboda haka ki ci gaba da son dogayen kalmominki, ba laifi ba ne. Amma ki san gajerun da ma'anarsu, kuma in dama ta zo ki ajiye abin da ke hannunki. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.