Rawar Hannun Malam Jatau

Tun da kwamfuta ta karɓe wasannin talabijin, shiri ɗaya Tabawa ke kallo, na Malam Jatau mai 'yan tsana, wanda ke cusa hannu cikin kurar tsumma ya sa ta magana.

Ƙanenta Sallau kullum sai ya tsokane ta. "Yaya, dodannin kwamfuta sun fi tsumman nan kyau nesa ba kusa ba."

"Kai dai ba ka da ido," ta ce. "Dubi yadda bakin kurar ke rawa. Hannun ɗan Adam ke nan. Inji ya san tsufa ne?"

Da rawar ta tsananta bana, hankalinta ya tashi. Ta dama kunun gyaɗa, ta tasa Sallau gaba suka tafi dubiya har gidan Malam a Zariya.

Matar Malam ta dubi kwanon, ta dube su. "Baiwar Allah, ai shekararsa shida da rasuwa. Kwamfuta ce ke yi."

Tabawa ta ajiye kwanon. "Innalillahi! To rawar hannun fa?"

"Duk shekara masu shirin kan ƙara ta kaɗan, wai don ku riƙa tsufa tare."