Odell Na-Biyu

Saura zagaye ɗaya, kuma Odell Pruitt ne a gaba. Motoci goma sha tara na biye da shi a filin tseren jar ƙasa na garinmu, a Carolina ta Arewa, babu mai yunƙurin wuce shi.

Shekara talatin da ɗaya yana karya kan mota hagu duk Asabar, bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Na biyu kuwa, sau arba'in. Na karanta littattafai da yawa kan rashin sa'a, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Har marigayiya matata, wadda ba ta raina kowa sai ni, Na-Biyu take kiransa.

Matarsa Lurleen ta rantse yau sai ya ci. Ta bi direbobin ɗaya bayan ɗaya da soyayyiyar kaza da barazana.

Na ce, "Ga layin ƙarshe can, tsohon banza!" Bai tanka ba.

Muka tsallake layin. Lurleen ta kaɗa tuta tana kuka, "Ya ci! Mijina ya ci!"

Na tsayar da motar ɗaukar gawa, na fito ina gyara baƙar kwat ɗina. Sai ga Virgil, alƙalin tseren, da littafin dokoki a hammata.

"Lurleen, 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Wa ke kan sitiyari?"

Ta nuna ni. "Hoyt mana."

"Akwatin gawar Odell fa?"

"Yana baya."

Virgil ya cire hula, ya miƙo mini kofin gasar.

"To, Odell ya zo na biyu."